Ingilishi a bakin iyaka: tarihin wani kaya da ba a raba daidai ba a ƙasar Madarunfa

Gabatarwa

Wanda ya tashi daga Maraɗi ya nufi Katsina, sai ya ratsa gundumar Madarunfa, ya bi ta Ɗan Isa, sannan ya shiga Jibiya. Mutanen da ke zaune a kan wannan hanya harshensu ɗaya ne, kasuwanninsu ɗaya, kuma akwai auratayya tsakaninsu. Amma in yaransu sun shiga makarantar boko, sai hanya ta rabu: ɗan Jibiya da Ingilishi ake karantar da shi, ɗan Madarunfa kuwa da Faransanci, daga baya a ɗora masa Ingilishi a bisa. A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi tarihin wannan rabuwa, mu kuma yi tambaya ɗaya: tun da an wajabta ma kowa koyon Ingilishi don an ce shi ne harshen duniya, wa ke ɗaukar nauyin, wa ke cin amfanin?

1. Yadda iyaka ta raba makaranta

Ƙasar Maraɗi reshen Katsina ce. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Saboda haka ne har yau ake ce ma sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi. Iyakar da muka sani yanzu kuwa aikin Turawa ce. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a 1890, suka sake ta a 1898, da 1904, da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee ya kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Babu wanda ya shawarci talakan Gabi ko na Safo a kan harshen da jikokinsa za su yi karatu da shi.

A kudu, Ingilishi bai shigo da ƙarfi tun farko ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara. Ingilishi na ƴan ƙalilan ne, galibi ƴaƴan sarakuna da na malamai, waɗanda suka kai kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Cikin wannan tsari ne aka samu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. A arewa kuwa, Faransa ba ta yarda da wani harshe cikin aji ba sai nata, kuma taron Barazabil na 1944 ya ƙara jaddada haka. Dattijai da yawa suna tune da abin da ake kira sambol, wanda ake rataya ma yaron da aka kama yana Hausa a lakwal. Ke nan tun kafin a yi zancen Ingilishi, ɗan Madarunfa ya riga ya ɗauki kayan wani harshe baƙo.

2. Ingilishi a lakwal bayan 1960

Sa'ad da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Tsarin da aka gada daga Faransa ya sa Ingilishi cikin darussan dole tun daga ajin farko na koleji, kuma ana tambayarsa a jarrabawar BEPC da ta BAC. Da yake malamai ba su wadata ba, an nemi taimako daga waje: ƴan sa-kai na Amurka, wato Peace Corps, sun iso a 1962, rukunin farko kuma malaman Ingilishi ne. Sun zauna a ƙasar har 2011.

Abin lura a nan shi ne, ba daga Katsina wannan Ingilishi ya zo ba, ko da yake tana kusa. Ta hanyar Faransanci ya zo. Yaro ya tashi da Hausa, ya yi karatun allo da Larabci, ya shekara shida yana kokawa da Faransanci, sannan a fassara masa nahawun Ingilishi da wannan Faransanci da bai zauna masa ba tukuna. Wanda bai iya na uku ba, ina zai kama na huɗu?

An yi ƙoƙarin gyara tushen. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna tun cikin littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka cewa da harshen uwa ya kamata a fara. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Sai dai gwajin ya daɗe yana gwaji. Ga kuma karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu 1994, wadda ta tsadar da littattafan da ake shigowa da su, da ɗaukar malamai ƴan kwantiragi da aka soma a ƙarshen shekarun 1990, masu ƙaramin albashi da gajeren horo. Makarantun ƙauye ne suka fi jin wannan a jika.

3. Wa ke biya, wa ke ci

Muna ganin rashin daidaito hawa uku ne. Na farko tsakanin ƙasashe yake: ɗan Landan ba ya kashe ko tamma don ya mallaki harshen da ɗan Madarunfa zai ba shekaru bakwai na karatunsa. Na biyu tsakanin ɓangarorin iyaka yake, kuma a nan kada mu yi saurin cewa ɗan Jibiya ya ci riba. A Najeriya, wanda bai ci Ingilishi a jarrabawar ƙarshen sakandare ba, ba ya shiga jami'a, ko da ya fi kowa lissafi. Harshen da ya zama ƙarin kaya ga ɗan Madarunfa, ƙofa ce da ake iya rufe ma ɗan Jibiya. Na uku, wanda ya fi ciwo, cikin gida yake: tsakanin ɗan birni da ke makarantar kuɗi da ɗan ƙauye, da kuma tsakanin yaro da yarinyar da aka cire daga lakwal kafin ta ga ajin da ake fara Ingilishi.

Wani abu kuma: arzikin alhazan Maraɗi, wanda Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansa a 1986, da Hausa aka tara shi, a kan hanyar Katsina da Kano. Ciniki bai jira Ingilishi ba. Inda ake bukatarsa shi ne wurin takarda: neman gurbin karatu a waje, aiki da ƙungiyoyin agaji, karanta binciken kimiyya, da shiga intanet. Waɗannan kuwa su ne matakalar da ɗan talaka ke fatan hawa.

4. Sabon matsayi

A watan Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ba Nijar ce farau ba: Ruwanda ta mai da makarantunta kan Ingilishi a 2008. A can kudu kuma, a watan Nuwamba 2025, gwamnatin Najeriya ta soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa a firamare, ta koma ga Ingilishi zalla. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Duk wannan na nuna darajar Ingilishi za ta ƙaru a wannan yanki. In kuwa darajar abu ta ƙaru alhali rabonsa bai canza ba, wanda ke da shi tun da ne zai ƙara samu.

Kammalawa

Ba mu ce a daina koyar da Ingilishi ba. Hana ɗan Madarunfa shi zalunci ne na biyu. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne, wajabta abu daban, ba da halin samunsa daban. In har hukuma ta wajabta, to bashi ne a kanta ta kai ƙwararren malami da littafi Sarkin Yamma da Jiratawa kamar yadda take kai su Yamai. Ya kamata kuma a fara karatu da Hausa, a koyar da Ingilishi ta hanyar Hausa, tun da littattafai da malaman da suka saba da haka suna nan ƙetaren Ɗan Isa. Sannan kada faɗuwa a harshe guda ta rufe ma yaro ƙofar sauran ilimi. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Amma yaran Madarunfa ba su suka ɗebo wannan ba.