Sukuwa

sukuwa (suna, mace). Daga aikatau sukwana: kora doki da gudu.

1. Sakar wa doki linzami ya yi iyakar gudunsa, kamar yadda mahaya ke yi a hawan salla kafin zamiya.

2. Tseren dawaki a filin da aka keɓe, wato filin sukuwa, irin na unguwar Nasarawa a Kano ko na birnin Njamena a Chadi. Misali: "Samarin Sabangali sun tafi kallon sukuwa, ba za su dawo ba sai magariba."

hasashen sukuwa: auna dawaki kafin tsere don gane wanda zai zo na ɗaya. Mai hasashe yana duba asalin doki, da nisan da ya taɓa gudu, da mahayinsa, da nauyin da zai ɗauka, da ko ƙasa ta jiƙe. Aikin ya fi wuya a manyan tseren dawaki 'yan shekara 3, domin dokin bai gama girma ba. Wanda ya yi fice bara yakan sare bana da zarar an ƙara masa nisa. Manyan tseren nan su ne irin Dabi ta Epsom a Ingila, tun 1780, mai nisan kusan mita 2,400, da ta Kentaki a Amurka, tun 1875, mita 2,000. A Kentaki namiji yana ɗaukar kilo 57, goɗiya 55. Idan mahayi bai kai ba, a cika da dalma a sirdi. Hasashe dabam, caca dabam: zuba kuɗi a kan tsere haramun ne a Musulunci.