Gudun Mota da Gudun Tsira: Nazari kan Tsarin Kiyaye Haɗurra a Hanyoyin Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa tsarin kiyaye haɗurran hanya bai kama ƙasa ba a ƙananan hukumomin Batsari da Safana na Jihar Katsina. Ta nuna cewa gudun da direbobin yankin ke yi ya fi nasaba da tsoron ƴan bindiga fiye da ganganci, don haka duk tsarin da ya raba haɗarin mota da matsalar tsaro zai tsaya ne a kan takarda.

Gabatarwa da Bita

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi jin jiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaura aniyar rage adadin da rabi tsakanin 2021 da 2030, Nijeriya ma ta fito da nata tsarin na waɗannan shekaru. Wannan duk ba abin jayayya ba ne.

Inda na rabu da masu rubutu a kan batun shi ne wurin fassara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (FRSC), wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana sanya gudun wuce kima a kan gaba cikin sanadin haɗurra. Daga nan sai manazarta suka yi tsalle zuwa hukunci: direba jahili ne ko ɗan ganganci, maganinsa wayar da kai da tara. Wannan fassara ta iya dacewa da hanyar Kano zuwa Zariya. Amma wanda ya ɗauko ta ya jibga wa direban da ke bin gefen Dajin Rugu bai yi masa adalci ba, domin bai tambaye shi abin da yake gudu ba.

Hanyar Bincike

An nazarci Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya wa hannu a ƙarshen Agusta 2021. An haɗa da abin da mai binciken ya gani, ya kuma ji daga direbobi, ƴan kamasho da fasinjoji, a matsayinsa na mai bin waɗannan hanyoyi.

Sakamako

Babban abin da aka gano shi ne matsalar tsaro ta tsuke wa mutane lokacin tafiya. A da mai kai hatsi kasuwar Batsari yana iya sammako da asuba ya koma gida bayan isha. Yanzu kowa na jiran rana ta ɗaga, kowa kuma na son ya isa gida kafin ta yi ja. Zirga-zirgar yini guda ta dunƙule cikin ƴan sa'o'i. Duk wanda ya tsaya a tasha bayan la'asar ranar kasuwa ya ga yadda abin yake: ƙaramar mota an cusa mata mutum biyu a kujerar gaba, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, wata dattijuwa riƙe da ƙullin kayan miya tana roƙon direba, "Ɗan nan, dubi girman Allah ka matsa mini, kada dare ya yi mini a nan." Direban ya san lodin ya wuce ƙa'ida. Ya kuma san idan ya bar ta, babu wata motar sai gobe. Zai ɗauke ta, sannan ya taka mota don ya rama lokacin da ya ɓata.

A nan ne buƙatun mazauna suka ci karo da juna, kuma wannan karon ne ya kamata masu tsara hanya su zuba wa ido. Mutanen garuruwan da kwalta ta ratsa suna son tudun rage gudu a bakin makaranta da masallaci da kasuwa. Inda ba a yi musu ba, su kan jera duwatsu ko gungumen itace da kansu. Suna da gaskiya, musamman a garin Batsari da ya cika da waɗanda suka baro ƙauyukansu, yara da mata na ta tsallaka titi. Shi kuwa direba, duk wurin da ya tilasta masa rage gudu a tsakiyar daji, rami ne ko kwalbatin da ruwa ya zaizaye, tarko ne a wurinsa, domin a irin wuraren ake tare mota. Shi ma yana da gaskiya. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne hanya ɗaya tana buƙatar magani iri biyu: a cikin gari a tilasta tafiya a hankali, a cikin daji a cike ramuka, a sare ciyawar gefen titi, a tabbatar da sintiri a lokutan da aka san jama'a na wucewa. Ba ina halatta gudu ba ne. Cewa nake yi direban da ya natsu shi ke jin wa'azin rage shi.

Dokar 2021 ta ƙara fito da alaƙar tsaro da sufuri fili. Ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin har da na Batsari da Safana, ta hana goyon mutum uku a babur da sayar da fetur a jarka. Dukkansu matakan tsaro ne, amma kowannensu ya taɓa sufuri kai tsaye. Haka rufe layukan waya da ya biyo baya a Satumba: tsawon watanni wanda ya yi haɗari ba shi da halin kiran 122, lambar gaggawa ta FRSC, ko ma ɗan'uwansa.

Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da tituna, magudanan ruwa da tashoshin mota. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, uzurin rashin kuɗi ya ragu. Batsari da Safana za su iya zama teburi ɗaya da ƙungiyar direbobi, hakimai, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar (KASSAROTA) da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoba 2023, su fitar da taswira guda mai nuna inda mota ke kaɗe mutane da inda ake tare ta.

Iyakokin Bincike

Za a ce maƙalar ba ta kawo alƙaluman haɗurran yankin ba, kuma haka ne. Wanda ya rasu a hanyar ƙauye ana yi masa sutura a ranar, sau da yawa ba tare da ya shiga rajistar kowa ba, don haka na ƙi jingina hujja da lissafin da ya tsallake shi. Nazarin ya kuma tsaya ga manyan hanyoyi. Hanyoyin burji da ke kutsawa cikin daji daga Runka da Ruma suna jiran wanda zai iya bin su.