Husumar Makarantu a Kan Kofin Ƙwallo a Jihar Tenesi

A ƙasar Amurka, idan kaka ta kama, daren Juma'a na makarantun sakandare ne, domin a cikinsa jama'ar gari suke ɗunguma zuwa fili su kalli 'ya'yansu suna buga ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita. Idan kuwa watan Nuwamba ya shiga, sai a fara zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wanda da shi ake fitar da zakaran jiha. Ƙa'idar da magabata suka shimfiɗa domin tabbatar da adalci ita ce a kasa makarantu rukuni-rukuni gwargwadon adadin ɗalibansu, don kada a haɗa ƙarama da babba. Sai dai wannan ƙa'ida, duk da kyawun niyyar masu ita, ta gafala daga wani bambanci na asali, wato makarantar gwamnati, a galibi, ba ta da ikon ɗaukar yaro sai wanda gidansu ya faɗa cikin iyakar gundumarta, alhali kuwa mai zaman kanta tana iya karɓar ɗalibi daga duk inda ya fito, har ma ta sassauta masa kuɗin makaranta idan iyayensa ba su da hali.

Mas'alar tana da tsohon tushe. A 1884 manyan limaman Katolika suka yi taro a birnin Baltimore, suka wajabta wa majami'unsu gina makarantu. A 1925 kuma Kotun Ƙoli ta rushe dokar jihar Oregon wadda ta so tilasta wa yara shiga makarantar gwamnati kaɗai. A wannan shekara ce dai aka kafa hukumar wasannin sakandare ta jihar Tenesi, wadda ake kira TSSAA, kuma shekaru da yawa ɓangarorin biyu suka yi ta neman kofi ɗaya a ƙarƙashinta.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne wata makarantar Kirista mai suna Brentwood Academy, wadda aka kafa a 1969 kusa da birnin Nashville. Ɗalibanta kaɗan ne, amma a hannun kocinta Carlton Flatt sai ta yi ta tara kofuna, har a tsakiyar shekarun 1990 ta shiga rukunin manyan makarantun gwamnati ta yi galaba a kansu, abin da ya sa shugabanninsu suka ce ba za ta saɓu ba. Saboda haka a 1997 hukuma ta raba gasar biyu, ta ware makarantun da ke ba 'yan wasa tallafin kuɗin karatu a rukuni na dabam. A wannan shekara kuma ta tuhumi Brentwood da zawarcin 'yan wasa, bisa hujjar wasiƙun da Flatt ya aike wa wasu yara yana gayyatarsu atisaye tun ba su fara karatu a makarantar ba, ko da yake iyayensu sun riga sun sa hannu a takardar shiga. Aka ci ta tarar dala 3,000, aka haramta mata zagayen neman kofi shekara biyu, aka kuma sa mata ido na shekara huɗu.

Makarantar ta kai ƙara, shari'a kuwa ta ci shekara goma, ta je gaban Kotun Ƙoli har sau biyu. A 2001 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu a kan cewa TSSAA, saboda cuɗanyarta da jami'an makarantun gwamnati, hukuncinta hukuncin hukumar gwamnati ne, don haka tsarin mulki ya hau kanta. A 2007 kuma dukkansu suka yi ittifaƙi cewa hana zawarci bai tauye 'yancin faɗar albarkacin baki ba, tunda makarantar da kanta ta zaɓi shiga ƙungiyar.

Wasu jihohin sun nemi maslaha ta hanyar lissafi. Illinois a 2005 ta ce a riƙa ninka adadin ɗaliban makarantar da ba ta da iyakar gunduma da 1.65 kafin a sa ta a rukuni, Tenesi kuma ta kai nata ninkin 1.8. A ganina wannan dabara tana da zalunci a cikinta, domin takan hukunta 'yar ƙaramar makarantar majami'a wadda ba ta taɓa jin ƙanshin kofi ba, saboda laifin wasu 'yan kaɗan masu dukiya, alhali makarantar gwamnati da ke unguwar masu hannu da shuni, mai filin atisaye na zamani da ɗimbin masu horarwa, ba wanda ya ninka mata komai. Ai ko De La Salle ta Kalifoniya, makarantar Katolikan da ta ci wasa 151 a jere tun daga 1992, wadda ta karya mata lago a 2004 makarantar gwamnati ce, Bellevue, daga wani gari na mawadata a jihar Washington.

Su dai mutanen Tenesi, da lissafin ya kasa kashe wutar, sai suka yanke shawarar rabuwa baki ɗaya, kuma tun daga 2019 kowace makaranta mai zaman kanta a cikin TSSAA tana neman kofinta ne a wancan rukuni na dabam, ko tana ba da tallafi ko ba ta bayarwa.