Yadda ake gane kamfanin da ya ƙera tsohon keke

A kasuwar tsofaffin kaya, kusan duk baƙin keke mai birkin ƙarfe sunansa Rali. Mai saye kuwa kan biya kuɗin Raleigh na Ingila, ya koma gida da kwaikwayonsa na Indiya ko na China, domin kamfanonin can sun daɗe suna bin wannan ƙirar.

Abin da ake fara dubawa shi ne tambarin da ke goshin keken, ƙasan kai. Na Raleigh kan zalɓe ne, tare da sunan birnin Nottingham. Phillips zaki ne, Rudge tafin hannu, BSA kuwa bindigogi uku a jingine. Sai dai tambari shaida ce mai rauni, don ana iya ɓamɓare shi a liƙa wa wani keken. A duba ƙusoshin da suka riƙe shi: idan sun fi jikin keken sabunta, ko aka ga ramukan da ba su dace da shi ba, to hannu ya taɓa wurin.

Ko sunan na gaskiya ne, ba lallai ya nuna masana'anta ba. Raleigh ya sayi Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 kuma kamfanin Tube Investments, mai Phillips da Hercules, ya saye Raleigh ɗin kansa. Daga nan sunaye da yawa suka riƙa fitowa daga Nottingham.

Shaidar da ta fi wuyar jabu tana cikin ƙarfen. A da, Raleigh yana yanka zaren mazaunin feda layi 26 a kowane inci, alhali yawancin kamfanonin Ingila 24 suke yi. Shi ya sa mai gyaran keke ke fama idan ya ɗauko kayan wani kamfani. Lambar keken kuma akan buga ta a ƙarƙashin sirdi ko a ƙasan mazaunin feda, kuma fenti kan rufe ta.

Idan keken mai giya ne na Sturmey-Archer, a goge cibiyar wilin baya. Akan ga shekara da wata, misali 63 5, wato Mayun 1963. Wannan ranar wilin ce kawai, kuma wili abu ne da ake canzawa, don haka sai an gwada ta da lambar jikin keken kafin a yi ciniki.