Gano sunan mamaci ta hanyar bin salsalar dangi

Wannan hanya ce da masu bincike, musamman a Amurka, suke bi don sanin ko wane ne mamacin da aka tsinci gawarsa ba tare da wata shaida ba. Ana ciro ƙwayoyin halitta na DNA daga ƙashi, haƙori ko jini, a ɗora bayanan a rumbun intanet irin su GEDmatch, inda mutane suka sa nasu don neman 'yan'uwa. Ko ɗan'uwa na nesa aka samu, sai a bi takardun haihuwa, aure da mutuwa, a haɗa zuriyar har a iso kan wanda ya ɓace. Daga nan a gwada dangi na kusa don tabbatarwa.

Colleen Fitzpatrick da Margaret Press suka kafa ƙungiyar DNA Doe Project a 2017. A 2018 ta gano wata budurwa da aka tsinci gawarta a jihar Ohio tun 1981, bayan shekara 37 tana kwance ba suna. A 2022 kuma aka gano yaron da aka samu gawarsa cikin kwali a Philadelphia a 1957.

Aikin ya fi wuya idan mamacin ba jinin Turawa ba ne, domin danginsa ba su da yawa a rumbunan.