Sawakin: Tsibirin da Kakanninmu Suka Tsallaka Zuwa Jidda

A gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, kimanin kilomita 50 kudu da Fot Sudan, teku ta kutsa cikin tudu ta wata siririyar kafa, ta je ta yi tafki. A tsakiyar tafkin nan akwai wani ɗan tsibiri kewayayye, wanda mutum zai zagaye da ƙafa bai gaji ba. Sunansa Sawakin. Yau kango ya fi yawa a kansa, amma ya yi ɗaruruwan shekaru yana cikin manyan ƙofofin da mutanen Afirka ke bi su tsallaka Hijaz, kuma Hausawa na da kaso mai tsoka a tarihinsa.

Garin tsoho ne ƙwarai. Al-Hamdani, masanin Yaman, ya ambace shi tun a ƙarni na 10, Ibn Battuta kuma ya yada zango a nan a ƙarni na 14. Bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, Sawakin ta koma hannun Daular Usmaniyya, sannan a 1865 aka miƙa ta ga Khedive Isma'il na Masar. Ayarin raƙuma daga Barbar da Kasala na sauke ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da fatu, jiragen Jidda da Indiya na kawo tufafi da turare da kayan yaji. An yi cinikin bayi ma a tashar.

Dukiyar nan ce ta tayar da gine-ginen da suka yi wa garin suna. Magina sun riƙa saro dutsen murjani daga teku, su sassaƙa shi, su jera, suna sa katako tsakanin sahu don ya ɗaure bangon, sannan su shafe da farar ƙasa. Gidajen attajirai sukan kai hawa biyu ko uku. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne tagogin da ake kira rawashin: akwatin katako mai sassaƙa da ya turo kai waje daga bango, iska na shiga ta ƙananan ramukansa, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu. Wanda ya zaga tsohuwar unguwar Al-Balad a Jidda ya ga irinsu. Tsibirin yana da manyan masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, ga gidan kwastan da gidan gwamna a bakin ruwa.

A shekarun 1870, zamanin gwamnan Sudan Charles Gordon, aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da unguwar tudu. Da Mahadin Sudan ya tashi, kwamandansa Usman Digna, wanda danginsa 'yan kasuwar garin ne, ya tsare hanyoyin Sawakin tun daga 1883, aka gwabza a Al-Teb da Tamai a 1884, amma garin bai faɗa hannunsa ba. Baturen Ingila Kitchener ya yi gwamna a nan daga 1886, kuma ƙofar ganuwar da ake kira da sunansa tana nan.

Mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar gabas, sai dai ta ƙara cika bayan zuwan Turawa. Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da sauran jama'a, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Bayansu talakawa masu niyyar hajji suka yi ta kwarara, da fari a ƙafa da jakuna, daga baya a bayan manyan motoci. Hanyar Kano zuwa Kari, wadda ta ratsa Wudil da Birnin Kudu, tana kai matafiyi Fatiskum da Maiduguri. Daga can sai Fotlami, wato Njamena ta yanzu, sai Abashe, Jinaina, Fashir, har Al-Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa.

Tafiyar takan ci shekaru. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙodago, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Wasu sun yi aure sun hayayyafa a hanya, shi ya sa har gobe ake jin Hausa a Gadarif da Kasala. Wanda Allah ya kai Sawakin sai a killace shi, a duba lafiyarsa, a yi masa lamba, ya jira jirgi. Marasa kuɗin jirgin hukuma sukan shiga ƙananan jiragen iska a asirce, kuma ba duka ne suka ga ɗaya gaɓar ba.

Ciniki ne ya gina Sawakin, ƙaurarsa kuma ita ta rushe ta. Manyan jiragen tururi ba sa iya bin siririyar kafar nan mai cike da murjani, sai Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Attajirai suka bi kasuwa, suka kulle gidaje. Shi kuwa dutsen murjani kamar ginin ƙasa yake, in aka daina yaɓe sai ya fara zuba. Gishiri da laima suka ci bangaye, benaye suka rufta ɗaya bayan ɗaya. Jean-Pierre Greenlaw ya zana gidajen kafin su faɗi, kuma littafinsa na 1976 shi ne babbar madogarar masu son sanin yadda suke.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da wurin. A 1991 aka buɗe tashar Usman Digna, inda jiragen fasinja da na dabbobi ke tashi zuwa Jidda. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan biyu da gidan kwastan, Shugaba Erdogan kuma ya ziyarci tsibirin a Disambar 2017. Masu sha'awar teku da ke zuwa Sawakin a da sukan haɗa da Sanganib, arewa da garin, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016 saboda murjaninta da kifayenta. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tsayar da yawon buɗe ido kusan gaba ɗaya.

Ko da ba mu iya zuwa yanzu, akwai aikin da ke gabanmu a gida. A Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukansu, ba za a rasa gidajen da ake ba da labarin kakan da ya tafi hajjin ƙafa ba, wani ya dawo da furfura, wani aka daina jin ɗuriyarsa. Ya kamata ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutse da malaman makarantunmu su ɗauki waya su naɗi bakin dattawan da suka ji labarin nan daga masu shi, tun suna raye.