Taƙaddamar 1958: Wa Ake Nufi da Masu Jiran Godot?

A watan Janairun 2023 ne wasan kwaikwayon Samuel Beckett mai suna "Jiran Godot" ya cika shekara 70 da hawa dandamali. An fara nuna shi ranar 5 ga Janairun 1953 a ƙaramin gidan wasa na Babylone da ke Paris, ƙarƙashin jagorancin Roger Blin. Labarinsa bai taka kara ya karya ba. Mutum biyu, Vladimir da Estragon, suna bakin hanya a gindin wata bishiya suna jiran wani Godot, sai yaro ya zo da saƙon cewa ba zai samu zuwa yau ba sai gobe, kashegari kuma haka ta sake faruwa. Tun da Martin Esslin ya fitar da littafinsa a 1961, inda ya tattara Beckett da Eugène Ionesco da wasu ya kira su marubutan wasan rashin kan gado, jami'o'i suka ɗauki wasan a matsayin darasin falsafa: wai rayuwar ɗan Adam ba ta da ma'ana. A ganina wannan fahimta ta ɗauke ido daga abin da ke gaban mai kallo ƙuru-ƙuru, wato talakan Turai na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda bai san inda zai kwana ba, bai kuma san wa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Gardama kan irin waɗannan wasanni ta fito fili a watan Yunin 1958 a jaridar Observer ta Landan. Mai sharhinta Kenneth Tynan, wanda ya yaba wa "Jiran Godot" shekara uku kafin nan, ya dira a kan Ionesco bayan an sake nuna wasanninsa biyu a gidan wasa na Royal Court. Zarginsa shi ne cewa Ionesco ya juya wa duniyar mutane baya, ya mayar da dandamali wurin wasa da kalmomi, alhali akwai zaluncin da ya kamata marubuci ya tona. Ionesco bai yi wata-wata ba ya mayar da martani, ya ce aikin marubucin wasa ba wa'azi ba ne, kuma babu tsarin mulkin da zai raba mutum da baƙin ciki da tsoron mutuwa. Har ya lissafa Sartre da Brecht da Arthur Miller cikin masu bin ayarin aƙida ido rufe. Aka shafe makonni ana musayar wasiƙu, Orson Welles ma ya tsoma baki yana goyon bayan Tynan. Abin lura shi ne duka ɓangarorin sun yarda da abu guda, cewa waɗannan wasanni ba ruwansu da halin da jama'a ke ciki. Ɗaya na ganin haka aibi ne, ɗaya na ganin abin alfahari. Nan ne duk suka kuskure.

A duba abin da ake yi a kan dandamalin Beckett. Da buɗe labule, Estragon na zaune yana fama da takalmin da ya matse masa ƙafa, yana nishi yana ja. An tambaye shi inda ya kwana, amsar ita ce cikin kwalbati, kuma wasu sun lakaɗa masa duka kamar yadda suka saba. Abincinsu karas ne da makamantansa da Vladimir ke lalubowa daga aljihu. Da attajiri Pozzo ya iso, yana riƙe da igiyar da ke wuyan bawansa Lucky, ya zauna ya cinye kaza, Estragon ya ajiye kunya ya roƙi ƙasusuwan. Wannan ba zancen littafi ba ne a wurin Beckett. Ɗan ƙasar Ailan ne da ya zaɓi zama a Paris lokacin mamayar Jamus, ya shiga wata ƙungiyar ɓoye ta masu yaƙar 'yan Nazi. A 1942 aka ci amanar ƙungiyar, 'yan sandan Gestapo suka kama abokansa, shi da abokiyar zamansa Suzanne suka tsere kudu, suka ɓuya a ƙauyen Roussillon, inda ya yi ƙwadago a gona don samun na sawa a baka yana jiran yaƙi ya ƙare. A rubutun Faransanci na wasan har sunan wannan ƙauye ya fito, inda Vladimir ke tuna wa abokinsa lokacin da suka yi aikin tsinkar inabi a can. Bayan yaƙi kuma ya yi aiki a asibitin Red Cross na garin Saint-Lô, wanda bama-bamai suka mayar kufai.

'Yan kallo ma sun ba da tasu shaida. A Janairun 1956 aka kai wasan Miami a Amurka, aka tallata shi a matsayin barkwanci na gani na faɗa, masu hannu da shuni da suka je hutu suka riƙa ficewa tun kafin a raba shi biyu. A Nuwamban 1957 wata ƙungiya daga San Francisco ta nuna shi a kurkukun San Quentin a gaban fursunoni kimanin 1,400, suka zauna tsit har ƙarshe. Esslin kansa da wannan labari ya buɗe littafinsa, amma darasin da ya fi fitowa daga ciki shi ne cewa wanda rayuwarsa ke hannun wani mai iko da ba ya gani ba ya bukatar malami ya fassara masa jira.

Za a iya cewa ai Beckett ya ƙi yarda a ɗaura wasansa a kan wani zamani, har ya cire sunan Roussillon da ya mayar da shi Turanci, kuma Ionesco da bakinsa ya nesanta kansa da siyasa. Gaskiya ne, kuma share sunaye da ranaku shi ya ba wasan dogon kwana. Sai dai goge adireshi bai goge yunwar da dukan ba. Shi kuwa Ionesco, aikinsa ne ya ƙaryata bakinsa. A 1959 aka nuna wasansa na karkanda a Düsseldorf, inda mutanen gari ke rikiɗa ɗaya bayan ɗaya su koma karkanda, aka bar wani ƙaramin ma'aikacin ofis mashayi mai suna Bérenger shi kaɗai. Marubucin ya amsa cewa tushen labarin shi ne yadda ya ga abokansa a Romaniya suna faɗawa ƙungiyar 'yan fasist a shekarun 1930. Wanda ya shirya wasan a Landan a 1960 kuwa ba wani ba ne illa Orson Welles, abokin gardamarsa na jiya.

Wata guda kafin taƙaddamar Observer, wani matashi Harold Pinter, ɗan tela Bayahude daga unguwar Hackney, ya ga an rufe wasansa "The Birthday Party" bayan nuni takwas kacal, saboda masu sharhi sun ce ba su gane inda ya dosa ba. A cikin wasan, wani mai suna Stanley yana zaman haya a wani gidan baƙi na bakin teku, wasu mutum biyu cikin kwat suka zo, suka tsare shi da tambayoyi marasa kan gado, da safe suka tafi da shi ya kasa ko magana. Ba a faɗi laifinsa ba, ba a faɗi wa ya aiko su ba. Pinter ya nuna daga baya cewa irin wannan zuwan bazata abu ne da Turai ta sha gani a shekarun da suka gabata.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ƙarfafa ra'ayina. A 1980 John Kani da Winston Ntshona suka fito a matsayin masu jiran Godot a Cape Town lokacin mulkin wariyar launin fata, a 1993 Susan Sontag ta shirya wasan a Sarajevo ana tsakiyar yi wa birnin ƙawanya, a 2007 kuma aka nuna shi a fili a unguwannin New Orleans da guguwar Katrina ta ɗaiɗaita.